Ruwan Goro da Ruwan Hoda

Ranar Laraba, sha uku ga watan Nuwamba na 2024, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Hajiya Kulu ta dawo daga Gabi. Ko mayafi ba ta cire ba ta jefa katin biki a kan tabarmar da 'yarta Asma'u ke tsince shinkafa.

"Ɗauka ki duba aikin gwaninki!"

Asma'u ta san katin. Na auren yayarta Bushira ne da aka yi ranar Asabar, kuma Al'amin ne ya zana shi, saurayin da ke neman Asma'u shekara biyu. Sana'arsa ke nan a Madarumfa, zanen kati da kalanda a kan ordinata, wato kwamfuta. A ƙasan katin ya sa wani ɗan layi mai nuna launin ankon biki. Atamfar da Hajiya ta zaɓa ruwan goro ce. Layin kuwa ruwan hoda ya fito. Matan gari sun ga atamfar da idonsu kafin su saya. Dangin marigayi mahaifin su Asma'u da ke Gabi kati kawai suka gani, suka bi shi. Ranar biki sai ga tsakar gida ta rabu biyu.

"Babanku Umaru ya ce da gangan aka yi," in ji Hajiya. "Wai an ware 'yan ƙauye da kalarsu don kada a haɗa su da 'yan birni a hoto. Shi ne waliyyinki, Asma'u. Ya rantse ba zai ba yaron nan aurenki ba."

"Inna, wallahi bai yi da niyya ba!"

"To makaho ne? Zaɓi ɗaya!"

Kwana uku Asma'u ba ta zauna wuri guda ba. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri, ta leƙa ƙofa ta dawo. Da Al'amin ya zo gaisuwa ya durƙusa a zaure, ya rantse ya aza atamfar jikin allonsa ya daidaita launin sai da suka zama ɗaya. Hajiya ta kau da kai. Asma'u ce ta yi magana daga bayan labule.

"Wane allo? Wannan tsohuwar telen da ka jona wa ordinata?"

Ya gyaɗa kai. Talabijin ce ta hannu da ya gada daga kawunsa. Ta daɗe tana rina komai da ruwan ɗorawa, idonsa ya saba har ya daina gani.

Ranar Litinin suka hau mota zuwa Ɗan Issa sayen sabon allo su uku, don Hajiya ta ce ba za a sake yin komai a bayan idonta ba. Ɗan Azumi mai shagon kayan lantarki ya tarbe su da fara'a, ya kunna wani ƙaton ekaran, allo mai ƙyalli kamar madubi.

"Ango, ga naka! Kana zane, kana kallon ƙwallo. Zan yi maka ragi."

Idon Al'amin ya tsaya a kansa. Abin da ya tara zai kai da ƙyar. Hajiya ma ta gyara tsayuwa.

"Wannan ko Umaru ya gan shi ya san ba a wasa."

Asma'u ta zaro katin daga jakarta. "Buɗe zanen katin Bushira a kai mu gani."

Aka buɗe. Layin ya fito ja-ja yana walƙiya, ya fi na takarda kyau nesa. Ta matsa gefe ta leƙa, sai launin ya dushe ya koma toka-toka.

"Wannan mai baki biyu ne," ta ce. "Abin da ya faɗa wa na gaba daban, na gefe daban. Kawo wancan."

"Wancan ƙaramin? Haba ƙanwata! Na hannu ne, daga wani ofis ya fito. Ko ƙyalli ba ya yi."

"Shi nake so a gwada."

Ɗan Azumi ya goge shi da gefen riga ya jona. Asma'u ta kara farar takarda jikin farin allon, suka yi daidai. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu, launin bai motsa ba. Sannan aka buɗe zanen. Layin ya fito ruwan hoda sak, irin na katin da ke hannunta, babu ragi babu ƙari.

Al'amin ya daɗe yana kallo. Hawaye suka cika masa ido.

"Ashe tun farko haka na zana shi. Na yi ta zagin masu buga kati a Maraɗi, alhali laifina ne."

"To shi za ka saya," in ji Asma'u a hankali. "Wanda ya nuna maka kuskurenka."

Hajiya ta juya baya tana gyara mayafi.

Washegari Al'amin ya ɗaura allunan biyu da ordinata a bayan babur ɗin kabu-kabu ya nufi Gabi. A rumfar mai cajin waya ya jera su, ya roƙi arziki aka kira Baba Umaru. Zane ɗaya, ordinata ɗaya: a tsohuwar tele ruwan goro, a sabon allo ruwan hoda. Tsohon ya fasa goro, ya kara ɓarin jikin wannan, ya kara jikin wancan. Ya sa aka sauya wayar jonawa sau uku, don kada a yi masa dabo.

"Ikon Allah! Ashe ƙarfe ma yana ƙarya."

"Ku gafarce ni, Baba. Ni na yarda da shi ban bincika ba."

"Tunda ka ɗauko laifinka ka kawo shi da kanka, na janye. Amma da sharaɗi. Katin Asma'u, kowane ɗaya a maƙala masa ƙyallen atamfar da allura. Mu mutanen Gabi hannu muke sa wa abu."

Haka aka yi. Asma'u da Hajiya suka yanka ƙyalle ɗari da arba'in da almakashi ɗaya. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, gari da ƙauye cikin launi guda. Wanda ya nuna maka aibinka ya fi wanda ya ƙawata maka shi, ko mutum ne ko allo. Wanda kuma ya haƙura ya duba da kyau kafin ya yanke hukunci, ba ya rasa abin da Allah ya ajiye masa.

Da aka tafi kai amarya bayan la'asar, waɗanda suka rage a tsakar gida su ne: Hajiya Kulu, zaune a inda Asma'u ke tsince shinkafa, Baba Umaru, yana jiran motar Gabi, Bushira, tana naɗe tabarmi, da tsohuwar telen, wadda aka kife a kan randa don kada kaji su sha ruwa.