Ranar Da Aka Sare Gonar Tuffarmu

"Ba za ki bari ba."

"Zan bari, Baba."

"Na ce ba za ki bari ba, Ibuki."

Ina durƙushe da butar shayi a hannuna, na rasa wa zan fara zuba wa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye a kakar bara maganarsa ke fita a karkace, amma kowa ya ji wannan sarai.

Yaya Ibuki ta zo hutun sabuwar shekara ne daga kulob ɗinta na ƙwallon ƙafa da ke can kudu. Ta daɗe tana ɗumama benci kafin koci ya fara sa ta a cikin 'yan wasan farko, yanzu har sun yi mata tayin sabon kwantiragi. Ita kuma ta ce da an gama kakar wasa za ta rataye takalmanta ta dawo gona.

Duk saboda baƙin da muka yi ne. Maƙwabtanmu sun zo gaida Baba da kwalin alawa, suka yaba itatuwanmu, suka yaba Kaka da ya dasa su. Da za su tashi sai babbansu ya ce, "Feshin maganin bana kuwa... wa zai kama muku?"

A garinmu ba a barin gonar tuffa babu mai kula da ita. Tsutsa da ciwon ganye ba su san iyaka ba, daga taka za su tsallaka ta maƙwabci. Wanda ya gaza, shi zai sare itatuwansa da kansa kafin su yi toho, ba ya jira a furta masa.

"Ga Konomi," in ji Mama a hankali, tana nuna ni. "Ko ita..."

"Wannan?" Baba ya yi wata dariya da rabin baki. "Ta hau tsani taku biyu ta fara kiran uwarta. Bar ta da littattafanta."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi.

Da yamma na je rumbun ajiya ɗauko tuffa, sai na ji muryoyi a bayan akwatuna. Yaya ce da Shigeki, ɗan gonar da ke jikin tamu. Tun suna firamare yake tsare mata gida tsakanin akwati biyu, tana buga masa tuffar da ta faɗo, Baba na binsu da faɗa. Shi kaɗai ya rage wa tsohuwarsa, gonarsu ma da ƙyar yake iyawa da ita.

"Mu haɗa gonakin kawai," in ji Yaya. "Kai datsa, ni feshi. Mu yi aure kafin furanni su buɗe."

"Ke da ko buta ba ki iya ɗorawa ba?"

"Kai da ko ƙwallon yara ba ka iya kamawa ba?"

Ya yi dariya, sannan dariyar ta mutu. "Rabin raina... kin tabbata? Na ga fuskarki ranar da aka kira sunanki a fili. Ban taɓa ganin kin kalle ni haka ba."

"Kishi kake da ciyawa?"

"Tambaya na yi."

Ta yi shiru ya fi yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Na tabbata mana."

Na fita ba tare da tuffar ba.

Bayan ta koma kudu, Baba ya aika aka kira Shigeki. Suka rufe ƙofa. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya sa takalminsa a gurguje, ko gaisuwata bai amsa ba. Na tambayi Mama, ta ce in je in wanke shinkafa.

Ban gane ba sai ranar da su Yaya za su buga babban wasansu, wanda za a nuna a talabijin.

Da safe na ga Shigeki ya turo Baba a kekensa har bakin gona, dusar ƙanƙara ta fara narkewa tana manne wa tayoyin. Mama na biye da gishiri da kwalbar giyar shinkafa. Ta zuba su a gindin itacen da Kaka ya fara dasawa, ta haɗa tafin hannuwanta ta sunkuya kamar mai bankwana. Sai na hango injin zarto a bayan motar Shigeki.

"Baba... Yaya ta sani?"

"Ɗauko wayarki ki kamo mana wasan."

Na ruga bayan rumbu na kira ta. A kashe. A kulob ɗinsu ana karɓe wayoyi tun safiyar wasa, kuma Baba ya san haka. Na sake kira, na sake. Daga nan na ji injin ya tashi.

Na dawo na durƙusa kusa da keken, na riƙe masa wayar saitin idonsa mai gani sosai. Itacen da Shigeki ya fara sarewa ya yi ƙara ya kwanta. Baba bai juya ba.

"Ƙaro murya," ya ce.

Yaya na gudu a ɗan ƙaramin gilashin wayar, gashinta ɗaure, lamba a bayanta da sunan gidanmu. A bayanmu itatuwa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin ɗanyen itace ya cika iska. Mama ta juya baya tana tsince rassan da babu amfanin tsince su.

Ana dab da tashi ƙwallo ta faɗo gabanta, ta ɗaɗa ta cikin raga. Ta ruga wajen kyamara, ta ɗaga hannu ta murɗa shi a iska kamar mai tsinkar tuffa. Na san wa take yi wa. Na ɗaga kai in kira Shigeki, na ga ya ba mu baya, kafaɗunsa na girgiza tare da injin.

Itacen da Kaka ya fara dasawa kaɗai ya rage lokacin da wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo daga Yaya.

"Konomi! Kin gani? Baba ya gani? Shigeki fa?"

"Mun gani, Yaya..."

"Me ya sami muryarki? Kuma kiran me kika yi ta yi min?"

Na juya wayar na nuna mata filin, kututture fari fari a cikin laka.

Muryarta ta canza.

"Wa ya riƙe zarton?"

Shigeki ya kashe injin, ya goge hannunsa a wando, ya karɓi wayar.

"Ni ne."

"Kai..."

"Baba ya ce in ban yi ba zai ɗauko baƙi. Kuma ya tambaye ni ko ina so in wayi gari kullum da matar da na cire daga fili. Ban sami amsa ba, Ibuki."

"Ni ka tambaya? Ni na ce maka na tabbata!"

"Na ji shirun da kika yi kafin ki faɗa."

Kuka ya ƙwace mata. "Ka san yanzu babu abin da zan dawo masa."

"Na sani."

"Har kai."

"Na sani, rabin raina. Ki sa hannu a kwantiragin."

Ta katse. Ya tsaya yana kallon gilashin da ya yi baƙi, sannan ya miƙo min da hannu biyu, kamar abin da ya ara.

Baba ya ja hannun rigata. Hawaye na gangarowa ta ɓarin fuskarsa da ba ya motsi, bai ma san suna zuba ba.

"Da ƙafar hagu ta ci, ko?"

"Da hagu, Baba."

"Ni na koya mata."

Shigeki ya sunkuya ya ja igiyar injin. Bai tashi ba. Ya sake ja, bai tashi ba. Ya zauna a kan kututture ya rufe fuskarsa da safar hannunsa, mu kuma muka tsaya muna jiransa, domin a cikinmu babu wanda zai iya sare itacen Kaka, kuma babu wanda zai iya barinsa a tsaye.