Sallamar da Sabiru Bai Amsa Ba

Ranar wata Litinin Shafa'atu ta fara ganin Sabiru, a layin masu gyaran keken ɗinki cikin kasuwar Gusau. Kan keken Innarta ta ɗauko daga Tsafe, naɗe cikin tsohon zane. Sau biyu tana sallama bai ɗago ba. Sai da ta zagaya ɗaya gefen teburin sannan ya zabura.

"Malam, kai sai mai mota kake amsa wa sallama?"

"Wallahi ban ji ba, yi haƙuri. Kunnen nan na dama ne ya fara yi mani gardama."

"To keken ma gardama yake yi, yana cin zare. Sai ku sasanta."

Ya yi dariya har ya saki sukudireba. Kafin azahar ya gama gyaran, ya nemi lambarta wai don ya ji ko keken ya sake rikici. Ba ta ma isa Tsafe ba saƙonsa ya shigo:

"Keke ya samu lafiya, mai gyara kuma ya kwanta. Ko akwai magani wurinki?"

Shafa'atu karatun aikin lafiya take yi a Tsafe, ta kuwa faɗa masa. Ta rubuta: "Sha ruwa ka kama aikinka, Mai Keke."

Tun daga ranar ita ce Likitata, shi ne Mai Keke. Duk Juma'a yakan taso daga garinsu Bungudu ya zo zance. Tana lura da shi. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. In tana magana sai ya karkato mata da kunnen hagu. Ta tambaye shi, ya ce gajiya ce da ƙarar janareton kasuwa.

Da magana ta kai ga manya, mahaifinta Malam Lawwali, mai sayar da hatsi, ya yi abin da kowane uba yake yi. Ya tura ƙanensa Baffa Tukur Bungudu bincike. Kwana biyu Baffa ya yi can, ya dawo fuska ba annuri.

"Asali dai babu abin cewa," in ji shi. "Amma mutum uku sunka ce mani yaron na wuce dattawa, a gaishe shi ya yi banza da mutane. Yana tangaɗi da rana tsaka. Sau biyu yana faɗuwa bisa babur, ba rami ba akuya."

Malam Lawwali ya ga abin da ƙwaya ta yi wa 'ya'yan maƙwabtansa, har gawar ɗaya ya ɗauka da hannunsa. Wanda bai aurar da ɗiya ba bai san wannan tsoron ba. Bayan la'asar, a ƙofar masallacin unguwa, da aka tambaye shi labarin surukinsa na Bungudu, sai ya ce, "Ɗan ƙwaya ne. Allah ya tsare ni."

A gida ya kira Shafa'atu ya ce kada ya sake ganin yaron. Ya ƙara da cewa ga Bashir ɗan ƙanwarsa, mai shagon waya a Gusau, ya daɗe yana so.

Ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Baba, ba zan fita gun wanda ka hana ba. Amma Sabiru ba ya shan komai. Ciwo gare shi. Bashir kuma yayana ne, ya ci gaba da zama yayana."

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Sabiru: "An ce shaye-shaye kake yi. Ka je asibiti a duba ka, ko ka daina rubuto mani."

Amsa ta zo nan take: "Har da ke, Shafa? Shi ke nan."

Kwana tara bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba, ko da yake abinci ya daina shiga. A waɗannan kwanakin Bashir ya zo har sau uku da sabuwar waya a kwali, ta ce ya kai wa Inna.

Rana ta goma ta rubuta: "Ban yarda da su ba ko na minti ɗaya. Takardar likita nake so, wadda zan aje gaban Baba. In kai ba ka iya faɗa don sunanka, ni zan yi."

Ya je. Daga Gusau aka tura shi Sakkwato, aka ɗauki hoton cikin kansa. Ya kira ta daga bakin asibitin.

"Likitata, ƙari ne. A kan jijiyar da ke kai ji daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Sun ce ba ciwon daji ba ne, amma ya girma, shi ke sa ni jiri. Sai an yi tiyata. Kunnen ba zai dawo ba, kuma fuskata na iya karkacewa."

"To ta karkace. Da can ma wa ya ce maka kai kyakkyawa ne?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta bar shi ya gama.

Da takardar ta iso, ta karanta wa mahaifinta layi bayan layi, tana yi masa bayani. Malam Lawwali ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "To ai wannan ya fi wancan. Mutumin da za a buɗe wa kai? In ya tashi ba hankali fa? In ya bar ki da goyo? Ni ban iya ganin haka, Shafa'atu."

"Baba, aurena a hannunka yake, ban ja da kai ba. Amma sunansa ba naka ba ne. Ka ce ɗan ƙwaya ne a gaban jama'a, maganar ta kai Bungudu, mutane sun daina kai masa gyara. Ko ba ka ba shi ni ba, ka mayar masa da abinsa."

Inna ta daka mata tsawa. Malam Lawwali ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale ta. Ya sa takalmi ya fita, bai ci tuwon ranar ba.

An yi tiyata bayan ƙaramar Sallah, awa bakwai. Sabiru ya farfaɗo da hankalinsa garau, sai dai gefen fuskarsa na dama ya saki, idon ba ya rufuwa sai an ɗiga magani an manne shi. Ruwa ma in ya sha sai ya zubo. Ya ƙi aiko wa Shafa'atu da hoto. Sai saƙo:

"Ki auri Bashir. Ba wasa nake ba. Ni kaina ba na son madubi."

Ta mayar: "Ban tambaye ka shawara ba. Taku nawa ka yi yau? Likita ya ce hamsin. Ka yi sittin."

Kullum da safe sai ta tambayi taku. Sittin ta zama ɗari, ɗari ta zama zuwa masallaci ba sanda.

Wata huɗu bayan haka, Malam Lawwali ya shiga motar Bungudu shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ya tarar da Sabiru a zaure, ya rame, ga tabo a bayan kunne, yana haɗa wani tsohon keke. Sabiru ya yunƙura zai durƙusa, dattijon ya riƙe shi.

"Gafara na zo nema. Na faɗi abin da ban gani ba."

"Na yafe, Baba, tun tuni." Maganar na fita da ƙyar ta gefen baki. "Amma in tausayi ya kawo ka, kada ka ba ni ita. Ban son matar sadaka. Kunne ɗaya na rasa, hannuwana na nan."

Malam Lawwali ya dube shi. "In ciwon ya dawo fa?"

"Duk shekara za su ɗauki hoto. In ya dawo, mu koma. Ban yi maka alkawarin kwana ba, Baba, ba hannuna yake ba. Amma muddin ina tsaye, ba za ta kwana da yunwa ba."

Dattijon ya zauna kan buhu, ya kalli yadda yaron ke murɗa ƙusa hannu ba ya rawa. Har aka kira azahar yana nan. Da zai tafi ya ce, "Ka turo magabatanka."

An ɗaura aure ranar Asabar a masallacin unguwarsu Shafa'atu. 'Yan'uwan ango sun so ya zauna cikin mota saboda idon mutane. Shafa'atu ta aiko masa: "Ka fito kowa ya gan ka. Fuskar mijina ce." Ya fito, ya zauna sahun gaba.

Kafin liman ya fara, Malam Lawwali ya miƙe.

"Jama'a, a nan na ce yaron nan ɗan ƙwaya ne. Ba gaskiya na faɗa ba. Ciwo ne Allah ya jarrabe shi da shi, ya kuma tashe shi. Wanda ya kai waccan magana wani wuri, ya taimake ni ya kai wannan."

Masallaci ya ɗauki kabbara. Baffa Tukur ne ya fara tasowa ya kama hannun ango.

Da yamma, ana shirin sa amarya a motar Bungudu, mahaifinta ya dafa kanta. "Kin fi ni gaskiya, ɗiyata. Ki kula da shi, shi ma ya kula da ke."

Hawaye suka zubo mata. Mata suka rangaɗa guɗa, mota ta tashi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya ƙara wa Sabiru lafiya, ya sanyaya zuciyar duk uban da ke tsoro saboda ɗiyarsa. Amin.