Makullin da Na Jefa Daga Ramin Lifta

Ku matso kusa. Jummala, kashe wayar nan, haskenta na damuna. Kai kuma Safiyanu, tun da kuka zo hutu gidan nan kake satar kallon hannuna na dama, kana tsammanin ban gani ba. An ce muku inji ne ya cinye wa Yaya Haladu yatsu biyu, ko? Haka muka gaya wa iyayenku. Yau za ku ji sauran, kuma duk wanda ya yi min dariya, a zaure zai kwana shi kaɗai.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ni abin ya faru.

A lokacin ina aikin gyaran lifta a Kano, ƙarƙashin wani dattijo, Baba Tanimu. Kun san lifta, akwatin ƙarfen nan da ke hawa da sauka da mutane a dogon bene. Ku madubi kuke gani da maɓallai. Mu bayanta muke gani: doguwar rijiya mai duhu tun daga ƙasan gini har ƙololuwa, igiyoyin ƙarfe na reto a ciki, can ƙasa kuma rami da ya kusa tsayin mutum. Akwatin ya fi ƙaramar mota nauyi. In ya sauko kana tsaye a ramin, sai dai a yi wa gida waya.

Baba Tanimu ba ya wasa da doka. Ba a shiga rami mutum ɗaya. Kafin a shiga ma sai an hau ɗakin inji can saman bene, an kashe babban makunnin wuta, kowa ya maƙala nasa kwaɗon a jikin makunnin, ya yi bisimilla ya kulle. Makullin kuma sai aljihu.

"Muddin jikinka na cikin rami, ba ka ba kowa makullinka," in ji shi. "Ko ubanka ne. Ko ni ne."

A tsakiyar ramin kuma ya zana wani gurbi da rawayen fenti, daidai kwanciyar mutum a takure. Nan ne kaɗai gindin akwatin ba ya taɓawa, ko da ya sauko ya dire a kan turakun ƙarfen da ke tare shi. Ni dardumar Baba Tanimu nake ce wa wurin, in yi ta ƙyaƙyata dariya. Shekaruna ashirin da shida a lokacin, kaina na rawa, gani nake tsoro ne kawai irin na tsofaffi.

Wata Juma'a aka kira mu wani bene hawa bakwai. Ba zan faɗi sunansa ba, wasunku na wucewa ta gabansa. Liftar ce ke wata ƙara duk lokacin da ta kusa ƙasa. Muka tsayar da ita a hawa na biyu, muka hau ɗakin inji, muka kashe wuta, muka kulle. Muna ta bincike a sama har wajen ƙarfe ɗaya, sai Baba ya dubi agogo ya cire kwaɗonsa, don wanda zai bar gini ba ya barin nasa.

"Ciro naka mu tafi masallaci."

"Ku yi gaba, Baba. Zan tattara kaya in biyo ku."

Ya ce, "Kada ka kuskura ka leƙa ramin nan sai na dawo. Rana tsaka ce."

Na ce to. Ƙarya nake. So nake in gano ƙarar kafin ya dawo, ya san yaronsa ya girma. Ai kwaɗona na nan a kulle, makulli na aljihuna, me zai same ni?

Na sauko. Ginin ya yi tsit, ko mai gadi babu. Na buɗe ƙofar liftar ta ƙasa, na tokare ta da katako, na zura tsani, na shiga da tocila da sifana. Akwai wani jan maɓalli a gefen ƙofa da ake dannawa kafin a sauka, ya hana akwatin motsi ko da wuta ta dawo. Kullum Baba ne ke danna shi. Ban ko tuna da shi ba.

Ramin da sanyi. Warin giris, da ruwa na ɗiga a wani lungu, ɗis, ɗis. Na durƙusa ina haska ƙarafa.

Sai ɗigar ta tsaya.

Warin ma ya canja. Kun san warin tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a ja ba? Shi.

"Haladu."

Ba sallama. Na ɗaga kai. Mutum ne tsaye a bakin ƙofa, haske na bayansa. Hular kwanon Baba Tanimu, shuɗin kayan aikinsa, har ɗan rankwafawar nan tasa.

"Baba, har an idar?"

"Jefo min makullinka."

"Na kwaɗo?"

"Birki zan duba. Ba kunnawa zan yi ba."

Na ce, "Ai ku ne kuka ce ko ku ne kada in..."

"Ni na kafa dokar, ni zan ɗage ta! Kai za ka koya min aiki? Na ce kada ka shiga, ka shiga, yanzu kuma gardama za ka yi min?"

Ku ji nan, don nan ne wurin. Shekara huɗu ina ƙarƙashin mutumin nan, ban taɓa musa masa ba. Ga shi ya kama ni dumu-dumu da laifi. Kunya ta rufe ni. Ba tunanin komai nake ba sai yadda zan huce masa rai. Na sa yatsu biyu a aljihu, manuniya da na tsakiya, na zaro makullin, na cilla sama.

Ban ji ya cafe ba. Ban ji ya faɗi ba. Makullin dai ya tafi.

In kana cikin rami, daɓen ƙofa saitin goshinka yake. Abin da ya fi kusa da idonka ƙafar mutum ce. Na sauke ido.

Takalman Baba ne, har da igiyar da ya ƙulla da waya. Amma dunduniya ce ke kallona. Kan takalman cikin gini ya nufa. Fuskar kuwa tana nan a sunkuye, ni take kallo.

Safiyanu, sakar min riga.

Da ƙyar na ce, "Wane ne kai?"

"Maigidan da kake tsaye a tsakar ɗakinsa."

Sai a lokacin na lura. Maganar ce ke fara fitowa, daga baya bakin ya motsa.

"Kafin wannan gini rijiya ce a nan," ya ce. Muryar Baba ta fara zubewa, wata na fitowa daga ƙarƙashinta, mai kauri, mai amo. "Nan na tara iyalina. Kuka cike ta da ƙasa, kuka rataya min ƙarfe a ka. Shekara goma sha ɗaya, safe da yamma, kuna dire min shi a tsakar kai."

"Wallahi ba ni na gina ba."

"Kai kake shafa masa mai."

"Ka yi haƙuri, don Allah..."

"Rufe min baki. Tsohon nan ya hana ni sakat da bisimillarsa, ya kuma koya maka. Abin da aka kulle da wannan suna ba ni da hannu a kansa, sai an miƙo min. Ka kuwa miƙo."

Ya sa hannu ɗaya ya zare tsanin kamar kara. Ya shuri katakon. Ƙofa ta rufe, garam.

Duhu, sai tocilata.

Na ji takunsa a matakala. Hawa na ɗaya. Na biyu. Ba gudu yake ba, amma kafin in ja numfashi uku ya kai na bakwai. Na yi ihu. Wa zai ji? Gari duk yana masallaci. Can sama, siriri, na ji ƙaras. Na san kukan kwaɗona.

Inji ya ɗauka. Igiyoyi suka motsa.

Sai yanzu na tuna da jan maɓallin. Na yi tsalle, ban kai ba. Na sake, farcena ya karci bango. Na haska sama, ga gindin akwatin nan baƙi ƙirin yana tahowa, a hankali, ba gaggawa. Iskar da yake turowa ta taɓa min fuska. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har fitsari na saki, ba na jin kunyar faɗa.

Tocilar ta suɓuce. Inda ta faɗi, haskenta ya kwanta a kan rawayen fenti.

Dardumar Baba Tanimu.

Na dafa turken da ke kusa da ni da hannun dama, na wurga jikina cikin gurbin, na dunƙule. Ina salati, ina janye hannun. Jikina ya shiga gaba ɗaya. Hannun ne ya makara.

Ba zan ba ku labarin zafin ba. Akwatin ya dire, ya tsaya. Tsakanin hancina da ƙarfen bai fi tafin hannu ba.

Shiru.

Sai na ji taku a cikin akwatin, daidai saman fuskata. Aka tsaya. Aka durƙuso.

"Biyu na ɗauka," ya ce ta cikin ƙarfen. "Su suka ba ni makullin. Sauran jikin, fentin tsoho ya ƙwace shi. Ka dawo kai kaɗai, mu ƙarasa."

Baba Tanimu ne ya same ni bayan an sauko masallaci. Shi da mai gadi suka sake kashe wuta, suka murɗa injin da hannu har akwatin ya ɗaga, suka jawo ni. Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi. Sai a asibiti, bayan an naɗe hannun, ya sunkuyo ya yi min tambaya ɗaya.

"Wa ka ba makullin?"

Na ce, "Ku."

Ya runtse ido. "Ina sahu na uku a masallaci, Haladu. Ai na ce maka ko ni ne." Hawaye na bin gemunsa. Wannan ya fi min ciwo a kan yatsun.

An nemi kwaɗona a ɗakin inji, an rasa. Ranar da aka sallame ni na dawo gida, sai ga shi rataye a ƙofar ɗakina, a kulle, jiƙe sharkaf, yana warin rijiya. Makullin kuwa har yau ban sake ganinsa ba. Kwaɗon na cikin akwatin da Jummala ta jingina da shi. Shekara tara ke nan, ko a tsakiyar bazara bai taɓa bushewa ba.

Zauna, Jummala. Ba ya cizo.

Har gobe ina aikin lifta, don shi na iya. Amma ko manaja zai tsaya a kaina yana kumfar baki, ba na taka rami sai da mutum a bakin ƙofa, wanda na shigo gini tare da shi, na kuma ga tafiyarsa. Ku ma ku riƙe wannan. Ramin lifta, rijiya, kowane wuri mai zurfi, ba a shigarsa mutum ɗaya, balle da rana tsaka. Kuma makullin da ke tsare da ranku, kada muryar da kuka sani ta karɓe shi daga hannunku. Ko ni na tsaya a bakin ƙofa na kira sunanku, ku fara duban ƙafa.

Safiyanu, me kake leƙe a bakin tabarma? Ƙafata?

Yauwa. Haka nake so. Karɓi wayar Jummala ka haska da kyau.