Tanderun Mizhir

Mizhir ne ya kashe iyalinsa. Bai ɗauki wuƙa ba, amma shi ya kashe su, kuma duk ƙauyenmu an sani.

Yana cikin masu haƙa tsohon tudun nan na bayan garin Nasiriyya, inda mutanen farko suka yi ɗakin bautar gumaka. Wata rana shebur ɗinsa ya tono allon yumɓu, bai fi tafin hannu ba, da rubutu kamar sawun tsuntsu. Maimakon ya miƙa wa hukuma, sai ya kai wa Uwayyid, boka mai zama a bukkar kara a bakin fadama.

Bukkar babu taga. Ƙahonin ɓauna rataye, kasko na hayaƙi, ƙasa ta yi baƙi da tsohon jini. Uwayyid ya lashi allon, ya tofar.

"Gunkin da ke da wannan allo ya daɗe bai ci ba. Ka jiƙa shi, ka cuɗa da yumɓu, ka gina tanderu. Kullum a gasa gurasa a ciki. Shi zai ciyar da kai."

"Me zai karɓa, Kawu?"

"Masu ci. Wanda ya ci sau ɗaya, ciwon kai ne kawai. Wanda ya dinga ci, ya zama nasa."

Mizhir ya yi dariya. "To ai da sauƙi. Baƙi zan ba. Baƙo ya ci yau, gobe ya yi gaba."

"Kai dai akwai wayo, ɗana," in ji boka.

Ya gina tanderun a bayan zauren baƙi. Ɓaunayen da yake kiwo suka yi ta haihuwa, dabinonsa ya yi nauyi har reshe na karyewa, ya sayi manyan motoci. Zaurensa bai taɓa rabuwa da baƙi ba.

Abin da ya manta, yaro ma ya sani. A wurinmu abin da baƙo ya rage, cikin gida ake mayar da shi, mata da yara su ci. Shi da bai taɓa ɗaukar faranti ba, bai taɓa tambayar inda yake zuwa ba.

Ƙaramar 'yarsa ce ta fara. Ta daina magana, fatarta ta tsattsage kamar busasshiyar fadama, ta mutu a zaune. Sai babban ɗansa Salam. Sai uwar Mizhir.

Wata rana ya tarar da matarsa Nuriya tana tauna ɓawon gurasa a bakin ƙofa.

"Ummu Salam, daga ina wannan?"

"Ragowar baƙinka mana. To me ka ɗauka muke ci?"

Ya rushe tanderun a ranar. Bai hana komai ba. Nuriya ta bi 'ya'yanta kafin lokacin girbin dabino.

Duk mai neman dukiyar da wani zai biya da ransa, ya sani daga gidansa za a fara karɓa.

Mizhir na nan da rai. Yana ɗaure da sarƙa a zauren baƙi, yana cin ƙasa. Ba mai shiga gaishe shi.