Faifan da Ya Tafi Korar Tsuntsaye

A garin Haɗeja akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari a makaranta, wannan ba wanda zai musa. Amma tana da wani hali mai sa mutum ciwon kai. Ba ta bari a gama yi mata bayani. Kafin ka rufe baki ta ce, "Na sani!" Ta sani, ba ta sani ba, amsarta ke nan.

Tana da yaya mai suna Ummussalma. Ummussalma tana so ta shiga makarantar koyon aikin jinya. An ce za a yi musu jarrabawa ta intanet ranar Asabar da safe, kuma sai da kwamfuta. Wanda bai shiga ba, sai baɗi.

Akwai tsohuwar kwamfuta ta Baba a gidan, irin ta ɗorawa a cinya. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, amma tana aiki. Matsalarta ɗaya ce. Abin da yake kamo mata intanet a ciki ya mutu. Ga ɗan akwatin intanet a kan tebur yana ta ƙifta fitila, ita kuwa kwamfutar ko kallonsa ba ta yi.

Baba yana aiki a Kano. Sai ya sayi adafta ya aiko. Adafta wani ɗan abu ne kamar babban yatsa. Ana soka shi a kafar USB da ke gefen kwamfuta, ya riƙa kamo mata intanet.

Saƙon ya iso ranar Alhamis da yamma. Ummussalma ba ta nan, ta je Kirikasamma gaida Goggo.

Umma ta miƙa wa yarinyar kwalin. Ta ce, "Ki ajiye wa yayarki a kan gado. Kada ki buɗe. Babanku ya ce akwai..."

"Na sani, Umma!"

"Me kika sani? Ban ma faɗa ba."

"Na ajiye mata. Ai na ji."

Ta ji ɗin kuwa! Tana shiga ɗaki ta farke kwalin da haƙori. Abu uku suka faɗo. Ga adaftar, ga wata 'yar takarda a naɗe, ga wani ɗan ƙaramin faifan sidi mai ƙyalli.

Ta ɗauki adaftar ta ce, "Wannan ce kayan. Sauran duk tarkace ne."

Ta watsa kwalin da takardar a gindin murhu. Tana juya faifan a hannu sai ga Kawu Inuwa ya yi sallama. Ƙanen Umma ne, yana noman shinkafa a fadama. Idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dushe.

Ya zauna ya ce, "Yaya, tsuntsayen nan za su kashe ni. Jan-baki sun sauka a gonata kamar hadari. Tun asuba nake ihu."

A lokacin nan shinkafa ta fara nuna. Manoma kan ja igiya a gona, su rataya gwangwanaye da tsofaffin faya-fayai. Iska ta kaɗa, gwangwani ya yi ƙara, faifai ya yi walƙiya, tsuntsu ya tsorata.

Umma ta tashi ta tafi ɗebo masa ruwa. Kawu ya hango abin da ke hannun yarinyar. Ya ce, "Ke 'yar nan, wannan fa? Yana da amfani?"

Ta ce, "Ina! Ado ne kawai suka sa a kwali. Ɗauki, Kawu."

Ya ce, "Kin tabbata?"

"Na sani mana!"

Kawu ya jefa shi a aljihu, ya yi godiya ya tafi.

Yarinya ta koma ɗaki tana murna. So take idan Yaya ta dawo ta tarar komai ya kammala, a yi ta yabonta. Ta kunna kwamfuta. Ta soka adafta. Ta jira.

Shiru.

Ta zare ta, ta hura mata iska, ta mayar. Shiru. Ta gwada kafar dama, ta gwada ta hagu. Ta goge ta da bakin hijabi. Har mari ta kai wa kwamfutar, irin wanda ake yi wa rediyo idan ta yi gardama. Wani ɗan rubutu yana ta fitowa a ƙasan allon. Ba ta karanta ba. Da ya fito sai ta rufe shi, ta ja tsaki.

Ta ce, "An cuci Baba. Jabu aka sayar masa."

Ta tura adaftar ƙarƙashin filo, ta yi kamar ba ta san zancen ba.

Washegari Juma'a, Umma ta tashi dama koko. Itacen ya jiƙe. Ta ga kwali da takarda a gindin murhu, ta hura wuta da su. Laifin wa? Shara ta gani, shara ta ƙona.

Bayan sallar Juma'a Ummussalma ta dawo. Ko hijabi ba ta cire ba ta ce, "Ina saƙon Baba?"

Yarinya ta ciro adaftar daga ƙarƙashin filo. Ta ce, "Ga shi. Amma ba ya yi. Na gwada."

"Kin gwada? Wa ya aike ki? Ina kwalin?"

"Kwali kuma? Me za ki yi da kwali?"

Ummussalma ta karɓa. Ta soka adaftar, ta karanta rubutun da ya fito. Ta ce, "Kwamfutar cewa take ba ta gane abin da aka soka mata ba."

Ta ɗauki wayarta, 'yar ƙarama mai madannai. Ta kira Malam Abdulmannan, malamin kwamfuta na makarantar su yarinyar. Ta sa muryar a fili kowa yana ji. Malam ya ce yana Jahun wajen ɗaurin aure, sai Lahadi zai dawo.

Ya saurari bayani, sannan ya ce, "Ai adaftar lafiyarta ƙalau. Manhaja take nema. Ana ce mata direba. Ita ce take koya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki da baƙon abu. Idan babu ita, ko shekara adaftar ta yi a soke, banza ne."

Yarinya ta yi caraf ta ce, "To a sauko da ita daga intanet mana, Malam!"

Malam ya ce, "Da wane intanet ɗin, sarkin sauri? Ba shi muke nema ba?"



Ya ce, "Ku duba cikin kwalin. Akwai ɗan faifai. Manhajar tana ciki. Kwamfutarku tsohuwa ce, tana da wajen sa faifai."



Malam ya ci gaba. "Idan ba ku ga faifan ba, ku karanto mini lambar da ke jikin kwalin. Sai in nemo muku a wayata, in san yadda zan aiko. Adaftocin nan kamarsu ɗaya, amma cikinsu daban. Ba na son in yi ta lalube."

Ummussalma ta juya adaftar gaba da baya. Ba lamba a jikinta. Ta ce, "Umma, ina kwalin?"

Umma ta dafe ƙirji. "Wani ɗan shuɗi? Innalillahi! Shi na hura wutar koko da shi."

"Faifan fa?"

Duk suka juyo suka kalli yarinyar. Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "Yana gonar Kawu."

"Yana ina?"

"Yana korar tsuntsaye."

Ummussalma ta zauna daɓas a kan tabarma. Hawaye suka cika mata ido. Ta ce, "Wata nawa ina karatu? Ina tashi da asuba, ina hana kaina zuwa biki. Ke kuma kin ɗauki jarrabawata kin rataya a igiya!"

Umma ta ce, "Jiya fa abin da nake so in gaya miki ke nan. Babanku ya ce akwai faifai a ciki, a kula da shi. Kika katse ni. Kika ce kin sani. To ga sanin nan, sai ki dafa mana mu ci!"

Yarinya ta fashe da kuka. Ta ce, "Ku yi haƙuri."

Umma ta ce, "Kuka ba zai dawo da shi ba. Ɗauki takalminki. Ku tafi fadama yanzu, tun da sauran rana."

Suka kama hanya. Suka wuce bakin kogi. Suka bi kunyar gonaki, laka tana kama musu ƙafa. Takalmin yarinyar ya maƙale, ta ciro shi da hannu. Sauro ya yi mata maraba.  Wa za ta kai wa ƙara?

Tun daga nesa suka jiyo Kawu Inuwa. "Haa! Haa! Ku tashi, 'yan banza!" Yana jan igiya, gwangwanaye suna ƙara. Tsuntsaye suka tashi buu, suka faɗa cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Kafin ya juya baya sun dawo.

Ummussalma ta gaya masa abin da ya kawo su. Kawu ya riƙe ƙugu ya kalli yarinyar.

"Ba na tambaye ki ba? Na ce kin tabbata? Kika ce me?"

"Na ce na sani."

"To nemo shi. Ni ban san inda na ɗaura shi ba. Faifai ya fi a ƙirga a gonar nan."

Gaskiyarsa. Ko'ina ƙyalli ne. Yarinya ta naɗe zane ta shiga ruwa har gwiwa. Ta bi igiya ɗaya, ta koma wata. Wannan babba ne. Wannan ya fashe. Wannan na wa'azi ne da ya gama karcewa. Rana tana ta yin ƙasa.

Can a ƙarshen gona, kusa da kacala, ta hango wani ɗan ƙarami yana juyi. Ta yi ihu, "Yaya! Ga shi!"

An yi sa'a. Kawu bai huda shi ba, ta ramin tsakiya ya zura zare. Amma laka ta fantsama masa. Wani tsuntsu marar kunya ma ya yi masa kashi.

Yarinya ta duƙa ta dumbuzo yashi, irin yadda ake dirje gindin tukunya. Har ta kai hannu. Sai ta tsaya. Ta kalli yashin, ta kalli faifan, ta zubar.

Ta ce, "Yaya, ban san yadda ake goge shi ba. A tambayi Malam."

Kawu ya sa hannu a kunne. "Me na ji? Sake faɗa, tsuntsaye sun cika ni da surutu."

Suka kira Malam. Ya ce, "Yashi? Da kin gama da shi! Ruwa mai tsabta za ku sa. Ku goge da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Ku bari ya bushe sarai."

Za su tafi, Kawu ya ce, "Tsaya. Kyauta aka ba ni, yanzu an ƙwace. Wa zai tsare mini wancan gefen? Gobe ke ce faifan. Ki zo ki ja igiya."

Ta ce, "To, Kawu."

Suka iso gida ana kiran magariba. Bayan salla suka wanke faifan yadda aka ce. Malam yana kan waya yana ba su umarni.

"Ku fara zare adaftar. Ku danna maɓallin gefe, wajen faifan zai fito. Ku sa shi."

Kwamfuta ta yi gurnani kamar injin markaɗe.  Sai ga rubutu ya bayyana.

Malam ya ce, "Ke mai sauri, karanta mini. Duka. Kada ki tsallake komai."

Ta karanta a hankali, layi bayan layi. Inda ba ta gane ba ta tambaya. Wani koren layi ya fara tafiya a allon. Tafiya yake kamar ba ya so. Yatsanta yana ƙaiƙayi ta danna wani abu. Sai ta zauna a kan hannayenta.

Da layin ya cika, Malam ya ce su kashe kwamfutar su sake kunnawa. Sannan su soka adaftar.

Ummussalma ta yi bismillah ta soka. Wata 'yar fitila shuɗiya ta ƙifta a jikin adaftar. Sunan akwatin intanet ɗinsu ya fito a allo. Ta sa lambobin sirri. Shafin jarrabawa ya buɗe.

Umma ta rangaɗa guɗa. Ummussalma ta ja kunnen ƙanwarta, sannan ta rungume ta. Ta ce, "Saura kaɗan ki kashe ni, 'yar nema."

Ranar Asabar Ummussalma ta yi jarrabawarta lafiya. Intanet bai yanke ba ko sau ɗaya. Da sakamako ya fito daga baya, ta ci.

Ita kuwa yarinya, a fadama ta yi wannan safiyar. Kawu ya miƙa mata bakin igiya. Ya ce, "Kin san yadda ake ja?"

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta ce, "Ban sani ba, Kawu. Nuna mini."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa.

Faifan yana nan a akwatin Umma, an naɗe shi a ƙyalle. Ko kallonsa mutum ya cika yi sai an tambaye shi dalili.

To yara, kun dai ji. Idan babba yana magana, ku bari ya kai ƙarshe. Idan sabon abu ya zo hannunku, ku karanta bayaninsa, kada ku yar da komai sai kun san amfaninsa. Abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku tambaya.