Ranar da Inna Ta Je Leƙen Asiri Asibiti

"Wallahi ba a gidan nan ba!" Inna ta dire kofi har shayi ya fantsama a tabarma. "Yarinyar da ke yini cikin jini da fitsarin mutane ce za ta zama surukata?"

Auta, ɗanta bakanike, ya durƙusa. "Inna, kwas take yi na mataimakiyar likita. Saura wata huɗu—"

"Ta zaɓa! Ko kai ko kwas!"

Da Auta ya kai saƙon, budurwar ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta ce, "Ba zan bar karatuna ba, ba kuma zan raba ka da mahaifiyarka ba. Zan jira."

Wata biyu Auta yana ramewa. Ran nan Inna ta ja mayafi ta nufi asibitin da yarinyar ke firaktikal, don ta samo abin kushewa da idonta. Ta zauna a benci kamar mai jiran layi.

Aka turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya, gyambo ya cinye mata ƙafa. Wari ya cika ɗakin, 'ya'yanta biyu suka tsaya bakin ƙofa suna toshe hanci. Yarinyar ta sa safar hannu ta durƙusa, ta tallafi ƙafar, tana wankewa a hankali.

"Sannu Kaka. In na gama, tsere za mu yi da ke!"

Tsohuwar ta yi dariya, sai kuma hawaye. "'Yar nan, wata uku ke nan babu wanda ya taɓa ni."

Likita ya duba bandejin ya jinjina kai. "Ko ni iyakata ke nan."

Inna ta saki baki tana kallo har aka fita da tsohuwar, sannan ta miƙe ta nufi yarinyar.

"Inna!" Yarinyar ta zube ƙasa. "Ba ki da lafiya ne?"

"Laifinki na zo nema," in ji Inna. "Ashe nawa zan gani. Tashi, 'yata. Gama kwas ɗinki, ni da kaina zan je wajen iyayenki."

Sati biyu da karɓar satifiket ɗinta aka ɗaura aure. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Kada ka raina sana'ar mutum kafin ka ga alherin da hannunsa ke yi.