Inji Mai Doguwar Ƙafa

Ku rage wutar fitilar nan, ku matso. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Ɗantani masunci ne a wani tsibiri cikin ruwan Yauri, mutum mai zargin tsiya. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. Jirginsa ƙarami ne, na iska. Buhuna ya ɗinke ya ɗaura a gora, in iska ta kaɗa ya tafi, in ta ɗauke ya zauna. Haka ta ɗauke masa wata rana suna tsakiyar ruwa, matarsa Ladingo tana naƙuda. Kafin ya kai ta asibiti da filafili, ɗan ya mutu a ciki. Bayan shekara biyu ga wani cikin ya tsufa, ya rantse wannan karon ba zai jira iska ba.

Ranar kasuwa ya tafi rumfar Malam Ilu mai injinan jirgi. Aka nuna masa biyu, ƙarfinsu ɗaya.

"Wannan mai gajeriyar ƙafa ne, wannan mai doguwa," in ji Malam Ilu. Ƙafa ita ce ƙarfen nan da ke nutsewa cikin ruwa, da farfela a ƙarshensa. "Bayan jirginka yana da tudu. In ka sa gajere, igiyar ruwa na ɗaga ka, farfela za ta fito tana yankan iska. Ɗauki dogon."

Ɗantani ya matso kusa da injinan. Ya ƙwanƙwasa wannan, ya shinshina wancan. Aka kira azahar, Malam Ilu ya ɗauki buta ya fita.

"Ɗauki gajeren."

Ɗantani ya waiga. Wani tsoho ne tsugune a bakin rumfar, da farar riga. Bai ji zuwansa ba. Muryarsa kamar ta mai magana cikin tulu.

"Baba, kai ne mai rumfar?"

"A'a."

"To kamasho kake nema?"

"Ta Kan Soro kake bi," in ji tsohon. "Ɗauki gajeren."

Kan Soro wani wuri ne a tsakiyar ruwa. Tsohon gari ne a ƙarƙashi, wanda ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi. Masunta zagaye shi suke yi. Ɗantani kuwa yakan ratsa, don jirgin iska ba ya taɓa komai a ƙasa.

"Wa ya gaya maka hanyata?"

"Muna ganin cikin jirginka kullum. Akwai faci biyu."

Akwai kuwa, kuma a ƙasa suke, inda ido ba ya kaiwa sai an kife jirgi. Nan zuciyar Ɗantani ta ba shi cewa baki aka haɗa da Malam Ilu, ana so a liƙa masa wanda ya ƙi sayuwa. Ya sunkuyar da kai yana dariyar raini, sai idonsa ya sauka a ƙafar tsohon.

Ba kofato ba ne, kada ku yi saurin cewa. Ƙafa ce irin ta kowa, sai dai jiƙe take sharkaf, ga rana tana dukan ƙasa. A bayanta akwai yanka uku a jere, fari fat, babu jini.

"Yaranmu a kan soro suke wasa," tsohon ya ce a hankali. "Kai ma 'yarka ta kusa zuwa."

Malam Ilu ya dawo yana yarfe hannu. Ɗantani ya juya zai nuna masa abokin ƙullinsa, babu kowa. Sai sawu biyu, ruwa kwance a ciki.

Ku da kuke ji, da kun ɗauki gajeren. Shi fa? Cewa ya yi ai ko ni zan iya zuba ruwa a ƙafa. Ya saɓi dogon ya tafi.

Bayan kwana tara, da la'asar sakaliya, naƙuda ta tashi. Ya kwantar da Ladingo a kan tabarma cikin jirgi, ya ja igiya, inji ya kama. Iska ko ta kaɗa gashin kaza babu, shi kuwa yana tsaga ruwa yana jin daɗin kansa.

"Malam, ka zagaya," in ji Ladingo, tana cije leɓe.

"Zagaye ya yi nisa."

"Ka zagaya, don Allah."

Bai zagaya ba.

Suna hawa Kan Soro sai ƙaf! Inji ya mutu. Daga ƙasa wani siririn kuka ya taso, irin na yaron da ya faɗi. Ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Ya kama gora zai buɗe buhunansa, suka rataye kamar wanki. Ya sa filafili, ruwan ya riƙe shi, jirgi ko motsi. Rana tana ja, tana sauka. Ladingo ta daina nishi, kuma wannan shirun ya san shi tun wancan karon. Tsoro ya kama shi har cikin ƙashi.

Ya leƙa bayan jirgi. Hannu ne riƙe da ƙafar injin. A ƙarƙashinsa farar riga.

"Na ce maka gajere."

Ɗantani ya durƙusa. "Baba, na yi laifi."

"Ka yanki jikata."

"Ku riƙe ni. Ita ku bar ta ta haye. Ba ita ta zaɓa ba."

Can ƙasa ana ta magana ƙus-ƙus, kamar mata a bayan zana. Sai wata muryar tsohuwa ta ce, "Mai naƙuda ce. Sake su."

"Ɗaga ƙafar," in ji tsohon. "Kada ka waiga."

Ya ɗaga injin, ya zauna ya ƙura wa ƙeyar matarsa ido. Jirgi ya fara tafiya. Babu iska, babu inji, babu filafili. Yana jin tafukan hannu a ƙarƙashin katako, suna miƙa shi daga wannan zuwa wancan. Bai waiga ba har gaban jirgi ya daki yashi.

Kafin isha Ladingo ta haifi 'ya mace, da ranta, da kukanta.

Da safe ya koma bakin ruwa duba injinsa. Ƙafar ta ragu da taƙi guda. Babu walda, babu alamar zarto, fenti ma bai kankare ba. Ya kai wa Malam Ilu. Malam Ilu ya auna, ya sake aunawa, ya ce shi dai dogo ya sayar, kuma a fitar masa da shi daga rumfa.

Sai ranar suna, ana wa jaririya wanka, ungozoma ta kira Ɗantani gefe ta buɗe masa zani. A bayan ƙafar yarinyar ta hagu akwai layi uku a jere, farare, warkakku, kamar an haife ta da tsohon tabo. Mutumin da bai taɓa yarda da maganar kowa ba ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Yarinyar nan kun san ta. Gwaggo Talle ce, mai kawo mana bandar kifi. Gobe in ta tuɓe takalmi za ta yi alwala, ku duba, amma kada wanda ya tambaye ta.

Kuma duk ranar da ruwa ya kai ku Kan Soro, kada ku je ku kaɗai. Ku kashe inji, ku ɗaga ƙafarsa, ku yi sallama. In an amsa, kada ku leƙa.

Wa zai tashi ya rufe ƙofar can?